Makin da Na Yi wa Malamina Kyauta

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa iya mantawa da Asabar ɗin da Malam Ummaru ya shigo ajina da littafin rubutu a hammata ba. Ku da kuka shigo koyarwa bayanmu nake ba wannan labari. Ba na jin daɗin faɗinsa, don abin kunya ne, kuma da hannuna na aikata shi.

Lokacin ina shekara ta shida da kama aiki, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Wurno. Ban da darussan mako, mu malamai uku mun buɗe ajin Asabar da Lahadi saboda masu zana jarrabawar 'yan waje. Ga wanda bai sani ba, ita ce jarrabawar kammala sakandare da ake yi wajen ƙarshen shekara, domin waɗanda suka riga suka bar makaranta amma suna da gyara. Akasarinsu Turanci ne ya kayar da su, kuma ba a shiga babbar makaranta sai da kiredit a cikinsa.

Ni aka ba ɓangaren nahawu, inda ake ba mutum amsa huɗu ya zaɓi ɗaya. Wurare biyu ne suka fi cin mutanenmu. Na farko shi ne daidaita ginin jimla: idan Bature ya jera abubuwa uku, dole dukansu su zo da siga ɗaya, yadda ka fara na farko haka za ka ƙare na uku. Na biyu shi ne salon maganarsu da karin maganarsu, wanda hankali ba ya fitar da kai, sai dai ka san yadda masu harshen suke faɗi. Ɗalibi zai zaɓi amsar da ta fi ma'ana a Hausa, ya tashi yana murna, alhali ya faɗi.

Malam Ummaru shi ya koyar da ni a aji huɗu na firamare a Dinawa. A bakinsa na fara jin Turanci. Shekarar da mahaifina ya so ya cire ni daga makaranta saboda aikin gona, shi ya taka har ƙofar gidanmu sau uku, sai da aka bar ni. Ya haura shekara hamsin, kuma tsohuwar takardar malanta ce kawai a hannunsa. An sanar da su cewa duk wanda bai samu gurbin ƙaro karatu a kwalejin ilimi ba zuwa ƙarshen wa'adin da aka ba su, za a ɗauke shi daga aji. Kwalejin kuma ta ce sai da kiredit a Turanci. Wannan zama shi ne damarsa ta ƙarshe.

Da na gan shi a bakin ƙofa sai na ajiye alli na durƙusa. Ɗalibai suka yi ta kallo.

Ya ce, "Tashi, Nasiru. Yau ni na ɗalibi. Abin da ka sani niz zo ɗauka."

Na jawo masa kujerata, ya ƙi. Ya ratsa ya zauna a benci na uku, tsakanin samarin da ya haifi kamarsu.

Tsarina shi ne in ba da tambaya ashirin kowace Lahadi, in tafi da littattafai gida, in dawo da su Asabar mai zuwa. A makon farko na buɗe littafin Malam. Rubutu kamar an buga da inji, babu gogewa ko ɗaya. Amma cikin ashirin, bakwai kawai ya ci. Na ɗauki jan biro, na kai shi kan amsar farko da ya kuskure, hannuna ya ƙi. A inda muka tashi, yaro ba ya ce wa babba ya yi kuskure, balle wanda ya koya masa karatu. Na daɗe ina kallon shafin. Daga ƙarshe na bi amsoshin na yi musu alamar daidai, na bar biyar kawai, na rubuta sha biyar bisa ashirin.

Na gaya wa kaina cewa na mako ɗaya ne, don kada gwiwarsa ta yi sanyi tun farko. Na ce zan riƙa gyara kurakuransa a allo ba tare da kama suna ba, ya tsinta da kansa. Haka na yi ta yi, ina kawo misalai masu kama da nasa. To amma wanda littafinsa ya ce ya iya, me zai tsinta? Yakan zauna yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya juya yana taimaka wa na kusa da shi.

Sau ɗaya asirina ya kusa tonuwa. Ya lura amsarsa ta bambanta da wadda na rubuta a allo, ya ɗaga hannu kamar kowane ɗalibi.

"Nasiru, nan ka ba ni daidai, ga shi kuma ka rubuta wani abu dabam. Wace ta gaskiya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, dut biyun ana hwaɗi."

Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta fita bakina. Ya ce madalla, ya zauna. Wata uku muka yi a haka, bai taɓa sauka ƙasa da sha huɗu a hannuna ba. Kowace Asabar yana tasowa daga Dinawa a kan tsohon babur ɗinsa, ga aikin albasa ya kankama, ya bar wa 'ya'yansa fadama ya zo ya zauna a bencina.

Saura mako biyar jarrabawa muka yi musu jarrabawar gwaji. Ƙa'idarmu ita ce ba a rubuta suna a takarda, lamba ake sa wa, sannan mu yi musaya da wasu malamai a Rabah masu irin ajinmu. Su duba namu, mu duba nasu, don kada sanayya ta shiga. Na san wannan rana tana zuwa. Na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila ya yi sa'a. Da sakamako ya dawo muka manna a bango, lambar Malam Ummaru tana da talatin da ɗaya bisa ɗari. Ranar na fake da aikin ofis, ban bari mun haɗu ba.

Abin da ban sani ba shi ne, washegari ya hau babur ya tafi Rabah. Ya nemi malamin da ya duba takardun, wani matashi da bai san ko shi wane ne ba, ya ce an zalunce shi. Ya fito da littafinsa da nake dubawa a matsayin shaida. Ya ce ɗalibinsa ne na hannunsa yake koya masa, kuma ba ya wasa da aiki. Malamin ya karɓi littafin, ya ɗauki fensir, ya sake duba shafi uku a gabansa, a gaban sauran malaman da ke ofishin.

Asabar da aka tashi, ya jira kowa ya watse. Na same shi a gindin darbejiyar da ke bayan aji, littafin yana kan cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ce in tashi ba. Ya buɗe shafin ya miƙo mini. Kusa da alamun jan birona da yawa akwai gicciyen fensir.

Ya ce, "Nasiru, mi niy yi maka?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na tahi Rabah ina yi maka hwaɗa. Ina ce masu ba su iya aiki ba. Yaron ga yab buɗe littahi, yana dubawa yana jin kunyata, ni ko ina tsaye da hurhurata."

Na ce, "Malam, nauyinka nij ji. Hannuna ya kasa."

"Nauyina? Sanda kana aji huɗu, kana rubuta harahi a juye, na taɓa jin nauyinka? Sau nawa nis sa ka sake allo guda? In da na yi maka abin da kay yi man, yau kana ina?"

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce in ɗauko jan biro in bi littafin tun daga shafin farko, yana zaune. Muka yi fiye da awa biyu. Duk inda na soke sai ya ce in faɗi dalili, ya rubuta a gefe. Da muka zo tambayar da na ce duka biyun ana faɗi, ya dube ni, ya mayar da kansa kan littafi.

Makonni huɗun da suka rage, kullum bayan la'asar ina Dinawa. A nan na ga irin asarar da na jawo. Daidaita ginin jimla cikin kwana shida ya kama shi, don ƙa'ida ce, shi kuma mutum ne mai son ƙa'ida. Salon magana kuwa ba a haɗiye shi rana ɗaya, sai an yi ta ji ana maimaitawa. Wata ukun da na cinye masa su ne lokacin wannan. Ya haddace abin da ya iya haddacewa, ya shiga jarrabawa.

Da sakamako ya fito, ya samu fas, mataki ɗaya ƙasa da kiredit. Wa'adi ya cika, aka ɗauke shi daga aji huɗu, aka ba shi ajiyar rajista da kayan makaranta har ya yi ritaya. Mutumin da ya kusa shekara talatin yana riƙe da alli ya ƙare yana ƙirga benci. Ba zan rantse cewa da na yi masa gaskiya zai ci ba, amma wanda ya tashi daga talatin da ɗaya zuwa bakin kiredit cikin mako huɗu, ku ma kun san abin da wata uku za su yi masa.

Na daɗe ina kiran abin da na yi ladabi. Sai daga baya na yarda cewa kaina na tausaya wa. Na guje wa minti biyar na jin nauyi, shi kuma ya biya da ajinsa. A wannan aiki namu za ku haɗu da irin haka, don garuruwanmu ƙanana ne. Wata rana ƙanen mahaifinka ko matar limaminku ko wanda ya rene ka zai zauna a bencinka. Ka durƙusa ka gaishe shi a bakin ƙofa yadda aka koya mana. In ya miƙo littafi, ka duba shi yadda za ka duba na kowa, don gyaran ya zo nema, ba gaisuwa ba.

Malam Ummaru yana nan da ransa. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin. Sai dai tun daga ranar darbejiya bai ƙara kiran sunana ba. In mun haɗu a kasuwa ko wurin ɗaurin aure, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Sannu, Malam," irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai daraja. Mutane suna cewa ya girmama ni. Ni kaɗai na san abin da na rasa.