Gayyar da Na Kira Kafin a Saki Gonaki

Lokacin da wannan abu ya faru ina shekara ta biyu a jami'a a nan Damagaram, 'yar ƙauye daga yankin Garagumsa, mai kaifin baki da girman kai wanda ba shi da dalili. Wajen gwaggona nake zaune a unguwar Birni. Kullum da sassafe na sha kokona, na keta lungunan nan masu rairayi har bakin titi, idan da hali na hau kabu-kabu, idan babu na taka. 'Yan ajinmu yawanci 'yan gari ne, kuma delegen ajinmu, wato wakilin ɗalibai, wani dogo ɗan unguwarmu, bai da aiki sai tsokanata. Duk sanda na shigo sai ya tambaye ni ko awakinmu sun kwana lafiya, ni kuwa na ce sun fi shi ƙiba. A haka muke, kowa na jiran a gama jarrabawa a tafi hutun ƙarshen shekara.

Wata safiya innata ta kira ni a salula ta ce Baba ya faɗo daga amalanke ya karye a ƙafa. An yi ɗori, amma dawarmu tana tsaye a gona ba a yanka ba, ga shi an riga an yi shelar ranar sakin gonaki. Wanda ba manomi ba sai na yi masa bayani: bayan kaka hukuma ke sa rana, daga ranar makiyaya na da haƙƙin shiga gonaki da dabbobinsu su ci kara. Wanda bai kwashe amfaninsa ba, kansa ya jawo wa. Yayana yana ci-rani, maƙwabta kowa na fama da tasa gonar, gero kuma bai yi mana kirki ba a shekarar. Dawar nan ita ce abincin gidanmu har wata damina. Lahadi za a saki gonaki, Litinin muke da jarrabawa mafi wuya.

Abin da har yau nake nadama shi ne shirun da na yi. Na yi kwanaki ina zuwa aji ina kallon allo ba na ganin komai, na koma gida na yi kuka a bayan ɗaki. Kunya nake ji a san cewa gidanmu abincin shekara ya rataya a kan gona ɗaya. Har na gaya wa gwaggo zan bar karatun na tafi na yanka abin da zan iya. Ta dube ni ta ce ko shekara zan yi ba zan ɗaure dami goma ni kaɗai ba, sannan ta tambaye ni shin a garinmu an daina gayya ne. Na ce gayya ai maigida ke kira, ba 'ya mace ba. Ta ce to maigidan yana kwance.

Washegari na sayi goro na ƙulle a gefen mayafi. Malami na fita, delege ya soma zancen awaki kamar kullum. Na miƙe na je gaban aji, na zube goron a kan tebur na faɗi komai ba ragi. Sannan na ce, “A garinmu wanda ya ɗauki goron gayya ya yi alkawari. Wanda ba zai zo ba, don Allah kada ya taɓa.” Delege ne ya fara ɗauka, ya ce shi dama ya daɗe yana son gaisawa da awakin nan. Kafin na koma wurin zamana goro ya ƙare.

Asabar da asuba muka cika mota daga tasha. Jama'a, ɗan birni a gona abin kallo ne. Wasu sun zo da takalman ƙwallo, wasu suka tuɓe riguna wai kada su yi datti, ƙaiƙayin dawa ya kama su suna susa kamar masu ƙazwa. Damin farko da suka ɗaura, ana ɗora shi a amalanke ya watse. Baba, da aka shimfiɗa wa tabarma a gindin gawo, ya yi dariya har da hawaye, ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu yadda ake jera zangarniya a murɗa ɗauri. 'Yan matanmu suka taya inna dama fura. Muka kwana a garin, Lahadi muka ƙarasa. Amalanken ƙarshe na fita daga gona, shanun farko na shigowa, makiyayin ya ɗaga mana sanda ya yi mana barka da aiki.

A bakin rumbu wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya sha cewa karatuna ɓata lokaci ne, ya tambayi Baba ina ya samo wannan runduna. Baba bai ko dube ni ba, ya ce, “Ba ni na kira ba. Gayyar 'yata ce.” Na juya na shige ɗaki don kada 'yan ajinmu su ga idona.

Jarrabawar Litinin kuwa, da hannuwa duk sun yi kanta muka rubuta ta, ni da delege muka faɗi, sai da muka sake ta bayan hutu. Ban taɓa alfahari da wani sakamako kamar wannan faɗuwar ba. Amma nakan tuna cewa da na ƙara kwana biyu ina ɓoye damuwata, da shanu sun ci dawarmu, ni kuma na bar karatu, alhali masu taimakona suna zaune gefena a aji. Ɗalibai 'yan uwana da suka baro ƙauye, ina gargaɗinku: talaucin gidanku ba abin kunya ba ne, kuma wanda ke tsokanarku ba lalle maƙiyinku ba ne. Idan abu ya fi ƙarfinku ku buɗe baki tun da sauran lokaci. Tuwon dawar nan muka ci har aka yi shuka.