Ranar da Kajin Inna Suka Tona Mini Asiri

Shekarun baya aka yi mini tiyata aka cire mini nonon hagu saboda kansa. Yanzu ina rubuta wannan jimlar kai tsaye, amma a lokacin ko a gaban madubi ba na iya faɗinta. Mutum biyu kaɗai suka sani a dangi: maigidana da taubashiyata, 'yar kawuna, wadda muka taso tare muna tsokanar juna. Sauran jama'a, har da mahaifiyata, ce musu aka yi ofis ya tura ni kwas Zariya.

Kada ku yi saurin zagina. Ni ce 'yar fari a wajen Inna, kuma Inna irin matan zamanin da ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. A wajen kakata na yi yawancin ƙuruciyata. Idan na je gidanmu a Unguwar Shanu, zan durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da saƙo gare ni, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina zaune a wurin: "Ku ce wa waccan ta ɗauki kuka da daddawa in za ta tafi." Autarmu kuwa har kan cinyarta take kwanciya. To ku gaya mini, matar da ban taɓa yi wa maganar ciwon kai ba, ta ina zan fara yi mata maganar nono? Na auna, na auna, na ga bakina ba zai iya ba.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan, bayan ikon Allah, bakin taubashiyata ne. Maigidana mutumin kirki ne, amma tun da likita ya faɗi sunan ciwon ya koma yi mini magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Ita kuwa ko a jikinta. Ina farfaɗowa daga allurar barci, ƙirji a naɗe da bandeji, na ga fuskarta a kaina.

"Baiwata, kin tashi? To sai ki shirya. Bawan Allahn nan, mijinki, sadakin biyu ya biya, yanzu saura ɗaya. Dole babanku ya mayar masa da rabi."

Na yi dariya har ɗinkin ya yi kamar zai ɓalle, nas ta leƙo ta kore ta waje. Da aka fara yi mini ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, ta ce in gode wa Allah, na huta da zaman kitso. Da girata ta kakkaɓe, ita ta zana mini wata da gazal, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta ce haka ake yayi yanzu. Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in fara da dariya in ƙare da kuka, ita dai ba ta taɓa yi mini kallon gawa ba.

Da na dawo gida Kinkinau na fara shirin komawa aiki, sai matsala ta taso. Ni mace ce mai son kwalliya, ban ɓoye ba. A sakatariya an san ni da ɗaurin ɗankwali. Gashi dai ɗankwali ya rufe, amma riga ba ta yin ƙarya: gefe ɗaya a cike, gefe ɗaya a shafe. Akwai na roba da ake sayarwa don irinmu, sai dai a lokacin magani ya riga ya cinye mu. Na gwada cusa auduga a rigar mama. Ba ta da nauyi, ina ɗaga hannu sai ta haura, in duba in ga nonona ya kusa kai kafaɗa.

Taubashiyata ce ta kawo dabarar gero. Ta ce wata mata ta gaya mata a layin asibiti. Muka ɗauki safar maigidana, muka riƙa zuba gero da ludayi, tana ɗaga safar a hannu ɗaya tana kallon na daman tana cewa, "Ƙara kaɗan, wannan uwargidan ba ƙaramar mace ba ce." Ni na ɗinke bakin safar da kaina. Ya zauna daram, yana da nauyi, yana motsi kamar na gaske. Na yi wata da watanni ina zuwa ofis da shi, babu wanda ya gane. Har na fara jin kaina gwana.

Ana nan sai autarmu ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida wanka. Aka sa suna a gidan Inna. Makon ya zo mini a cuɗe, don an ɗebi jinina an yi mini hoto, ana jiran Talata in je in ji ko ciwon ya bar ni ko ya koma wani wuri. Wanda bai taɓa jiran irin wannan sakamakon ba ba zai gane ba. Amma babbar yaya ba ta ƙin zuwa suna, don haka na saka leshi, na kafa ɗauri, na yafa gyale, na tafi.

Tsakar gidan cike da mata. Ni ce mai kai da kawo: in ɗauki tiren shinkafa, in sunkuya in ajiye, in miƙe, in koma madafa. Can na lura wata kaza da 'yan tsakinta suna bina. Na kore su. Na je bakin rijiya, suna baya. Na dawo, sun zama kaji huɗu da zakara. Wata ƙawar Inna ta ce, "Ikon Allah, kajin nan sun san mai arziki." Na yi murmushi, har da ɗan jin daɗi, don wauta.

Sai aka ce in zo in gaida wasu tsofaffi da suka zo daga Hayin Banki. Na je gaban tabarmarsu na durƙusa. Ina kai gwiwa ƙasa na ji wani abu ya ce ɓat a ƙirjina. Gero ya biyo ta ƙarƙashin rigata ya zubo shaa a kan tabarma, a gaban tsofaffi, a gaban surukan ƙanwata. Kaji suka yi kansa. Na dubi ƙirjina, gefen hagu ya kwanta, leshin ya lotsa ciki. Gyalena kuma ya zame.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Hira ta tsaya. Ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas ɗin bakin kaji.

Sai muryar taubashiyata daga bakin madafa: "Na kama ta! Gwaggo, kin daɗe kina cewa geronki yana raguwa, to ga ɓarauniyar! Ma'aikaciyar gwamnati guda!"

Gida ya ɗauki dariya. Kafin a gama, ta iso ta lulluɓe ni da mayafinta, ta riƙe mini wuyan hannu tana ja. "Ku ba ni hanya, sai na caje ta, wa ya sani ko da wake a ɗaya gefen." Wasu sun ɗauka wasan taubasai ne muka shirya. Wasu sun gane, na gani a fuskarsu. Amma ni mutum ɗaya na duba. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, kuma ba geron take kallo ba.

Muna shiga ɗaki na zube a bakin gado na fashe da kuka. Ba a jima ba labule ya ɗaga. Inna ta shigo ta mayar da ƙofa. Ba ta dube ni ba, taubashiyata ta fuskanta.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, Gwaggo."

"Kwas ɗin ke nan."

"Shi ne."

Ina jira Inna ta yi faɗa, ko ta yi salati, ko ta fita. Sai ta miƙa hannu. Ban gane ba, sai da taubashiyata ta zungure ni. Na juya baya na zaro safar, na miƙa mata kaina a ƙasa. Ta jujjuya ta, ta duba inda ya farke.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Ki gaya mata ko buhun gawayi ba a yi masa irin wannan ɗinki."

Dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka, har da majina. Inna ta buɗe akwatinta ta ciro wani farin yadi mai laushi, ta yanka, ta ɗauko allura da zare. Matar nan da ɗinkin hula ta yi wa ƙannena hidimar makaranta, amma ran nan zare ya ƙi shiga allura. Ta gwada, ta sake gwadawa, zaren yana kaucewa. Taubashiyata ta karɓa ta zura mata, kuma a karon farko a rayuwarta ba ta yi tsokana ba. Inna ta ɗinka 'yar jaka mai ninki biyu, ta ce a riƙa soya geron sama-sama kafin a zuba, kada ya yi ƙwari. Da ta miƙe za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Likitan me ya ce?"

"Sai Talata za a ji sakamako."

"Uhm," in ji ta, ta koma wajen baƙinta.

Ranar Talata muka isa asibiti ni da taubashiyata, maigidana yana neman wurin ajiye mota. A can ƙarshen bencin da muke jira na hango wata tsohuwa cikin hijabi ruwan toka, da carbi a hannu. Inna ce. Matar da ko Kasuwar Barci ba ta zuwa sai an raka ta, ta hau keke mai ƙafa uku ita kaɗai ta riga mu.

"Gwaggo! Me kike yi a nan?"

"Awon hawan jini na zo."

"Ai nan ba ɓangaren hawan jini ba ne."

"Na sani. Hutawa nake yi."

Haka ta huta har aka kira ni. Likita ya duba takardu ya ce babu alamar komai, in dawo bayan wasu watanni. Da muka fito, taubashiyata ta ɗaga hannu biyu tun daga nesa tana hamdala. Inna ta miƙe ta juya ta fuskanci bango, ta daɗe tana gyaran hijabin da babu abin da ya same shi.

Mutane suna tambayata yadda na yi na jure, in ce musu da dariya, kuma gaskiya ne. Labarin kajin nan ni nake ba da shi yanzu a layin asibiti, in ga matar da ta shigo fuska a murtuke ta riƙe ciki. Sai dai akwai kunyar da dariya ba ta wanke mini ba. Ta zubewar gero ta wuce tuni. Wadda ta rage ita ce na yi shekara arba'in ina ganin matar nan tana kawar da kai, na ɗauka ba ta kallona. Na hana ta zama a bakin gadona lokacin da aka yanka ni, kuma ba ta taɓa ce mini don me ba. Duk sanda na tuna hannunta a kan allurar nan, sai in ji na ƙanƙance.

Har yau ba mu taɓa yin maganar ciwon ni da ita baki da baki ba. Yanzu sau ɗaya nake zuwa gwaji a shekara, ba na gaya mata rana, ban kuma san wa yake gaya mata ba, ko da yake ina da wadda nake zargi. Ƙafarta ta yi nauyi, sai da sanda take tafiya. Amma duk ranar da zan je, in na shiga zan same ta a ƙarshen benci, ta zo awon hawan jini.