Kular Sista Morenike

Duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ban san mai tambaya irin Inna Hauwa'u ba. Yajin daddawa take dakawa tana sayarwa, kuma ba ka sayen ƙulli ɗaya ba ta ji garinku da abin da kuke ci ba. Marigayi mijinta, Malam Inuwa tela, yakan ce da ta yi boko da alƙalai sun shiga uku.

'Ya'yanta biyu ne maza. Khalid ɗan Izala, Muhsin kuma Shi'a ya bi. Ita ba ruwanta, tuwo ɗaya take tuƙa musu.

Kirsimetin farko bayan rasuwar Malam, maƙwabciyarta Sista Morenike, ma'aikaciyar jinya, ta aiko da kular abinci kamar yadda ta saba shekara goma sha takwas. Da Malam na raye ba mai ɗaga murya. Ranar kuwa aka ajiye kula a tsakar gida, musu ya tashi.

Khalid ya ce ayar da ta halatta abincin Ma'abota Littafi ta haɗa da yankansu. Muhsin ya ce malamansu sun fassara ta da hatsi da makamantansa, ban da nama, don haka a mayar.

Inna ta ji daɗin musun, har da gyara zama. "Aya ɗaya ce kuke karantawa, ko kowa da tasa?"

"Ɗaya ce, Inna."

"Ikon Allah."

Amma maganar mayarwa ta tsaya mata a rai. A mayar wa matar da ta yi jinyar Malam kula cike? Zumunci ya ƙare ke nan. Ta yafa mayafi ta shiga gidan Sista, ta yi abin da ta fi iyawa.

"Sista, don Allah wa ke yanka miki kajin nan?"

Morenike ta ce, "Malam bai taɓa gaya miki ba? Duk shekara shagonsa nake kai su, ya yanka mini, don ku ci hankali kwance. Bana na kama kazar, na tuna ba ya nan, na kasa kai wa wani. Wake na sa muku."

Inna ta dawo ta tarar malaman nata biyu na ta jawo hujjoji. Wallahi har lokacin ba wanda ya buɗe kular. Ta buɗe, ta ɗauko cokali uku, tana share hawaye da bakin mayafi.