Hasken Kore a Kumatun Baba

Cikin duk abin da ya same ni lokacin da nake digiri na biyu a Katsina, akwai wata ranar Laraba da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

Bincikena a kan ƙwayoyin halitta ne da muke samu daga igiyar cibiyar jarirai, da izinin iyayensu mata. Ina so in nuna cewa a cikinsu akwai ƙwayoyin asali, waɗanda ba su riga sun zama jini ko ƙashi ko fata ba. Alamarsu wani furotin ne da ke zaune a tsakiyar ƙwaya, shi ke ba ta umarni ta ci gaba da zama a haka. Ido ba ya ganinsa. Sai an ɗiga wani ruwa da ake ce wa antibodi, ya je ya manne masa, sannan a ga wurin ya yi hasken kore a ƙarƙashin madubin gwaji.

Wata biyar na yi ina jiran ruwan nan daga ƙasar waje. Da ya iso Kano ni da kaina na je na ɗauko shi cikin kula mai ƙanƙara, 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Gwajin farko, gilashin da na shafa ƙwayoyin a kai gaba ɗaya ya cika da kore. Na ɗauki hotuna na tura wa farfesana, ya ce in shirya gabatarwa a gaban malamai mako mai zuwa. A gidanmu na Ƙofar 'Yandaka har mahaifiyata ta fara gaya wa maƙwabta na kusa gamawa.

Mai kula da ɗakin gwajin wani dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe a Katsina, kowa Baba yake ce masa. Ranar Larabar ya leƙa madubin, ya jima bai ɗago ba.

"Ɗiyata, kin gwada shi a inda bai kamata ya haska ba?"

Na ce, "Baba, ai ruwan kaɗan ne, ba na son ɓarna."

Bai yi musu da ni ba. Ya ɗauki tsinken auduga ya goga a cikin kumatunsa, ya shafa a gilashi ya miƙo mini. "Na haura sittin. In kin ga ƙwayar asali a nan, ki gaya mini."

Na yi wa gilashinsa duk yadda na yi wa nawa. Bayan la'asar muka duba. Kumatun Baba kore shar, har ya fi nawa haske. A lokacin ne na lura da abin da na ƙi gani tun farko: hasken a gefen ƙwaya yake, tsakiyar duhu ce. Ruwan yana manne wa duk abin da ya samu. Ko zafin hanya ne ya ɓata shi, ko haka aka yo shi, har yau ban sani ba.

Hotunana na farko suna da kyau, kuma mu biyu kaɗai muka ga na biyun. Ba zan ce tunanin yin shiru bai zo mini ba. Baba kuwa wanke kwalabensa kawai ya ci gaba da yi.

Washegari na shiga ofishin farfesa na ajiye hotunan biyu a gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan cibiya ce, wannan kuma bakin Baba." Ya cire tabarau, sannan ya ce a soke gabatarwar. Shekara guda ta ƙaru a karatuna. Da sabon ruwa ya zo daga wani kamfani, furotin ɗin bai fito ba sam, haka kuma na rubuta.

Abin da na koya shi ne sakamakon da ya fi faranta mini rai, shi ya kamata in fi tuhuma. Yanzu in ɗalibi ya shigo mini da murna, nakan taya shi, sannan in tambaye shi me ya yi don ya ƙaryata kansa.