Zanen da Ba a Wankewa

A layinsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Guga. Shekara talatin ya yi a shago ɗaya, mai tebur biyu da igiyoyin shanya a baya, kuma idan ka kawo masa riga sai ya duba wuyanta kafin ya amsa gaisuwarka. Mutum ne mai tsabtar tsiya. Ko tsumman goge tebur ba ya kwana da datti a wurinsa. Matarsa takan ce da zai samu hali, ita ma da ya jiƙa ta ya shanya.

Matar tasa malamar 'yan aji ɗaya ce a firamare, gajeriya mai yawan dariya, kuma tana rikiɗa. Duk sanda wata ya cika takan zama kura har kwana uku. Ba ita kaɗai ba ce a garin. Akwai wani direban bas, akwai mai kantin magani a bakin kasuwa, duk sun san juna, a hanya sai dai su ɗaga wa juna kai. Tun kafin aure ta gaya masa. Sai ya tambaye ta ko abin yana ɓata kaya.

Yana ɓatawa, amma ba nan tsoron yake ba. Mai rikiɗa idan ya shiga jikin dabba mantawa yake da kansa, ba ya dawowa sai ya shaƙi warin jikinsa na mutum. Shi ya sa kowannensu ke da tufa ɗaya da ba a wankewa. Nata zane ne da ya sha gumi da man shafawa da hayaƙin girki har ya koma kalar ƙasa. Ranar da wata ya cika, da yamma Mai Guga kan raka ta wata masana'anta da aka rufe a bayan layin dogo, ya dawo da zanen ya kulle a akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburin guga. Rana ta uku da sassafe ya kai, ya shimfiɗa a bakin ƙofa, ya juya baya. Ba a jimawa sai ya ji muryarta: "Malam, ka taho da ruwa? Bakina kamar na ci takalmi."

Sauran kayanta kuwa, tana tafiya yake haɗa su ya wanke tas, har zanen gado da rigar filo da takalma. Cewa yake hannunsa ne ba ya son zama. Gaskiyar magana, tsoro ne ke hana shi zama.

'Yarsu ɗaya ce, kuma ba ta gaji uwar ba, sai suka ga gara kada ta sani. Ta tashi da labarin cewa Mama tana da yaya mai ciwo a wani gari, duk wata take zuwa jinya. Abin da ta gada na uban ne. Tun tana shekara takwas ya dasa mata cewa ba a rufe shago da datti a ciki, kuma yana alfahari da yadda ta ɗauka.

Wani wata, kwana biyu da tafiyar matar, ya yanke jiki ya faɗi da dutsen guga a hannu. Ya farka a asibiti bakinsa a karkace, magana ba ta fita. Yana ta nuna ƙofa, su kuma suna ta kai shi ban ɗaki. Kwana tara ya yi yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, yana kuka, ana ce masa ya yi haƙuri zai warke. 'Yar ta baro gidan mijinta ta riƙe shago, aka ba ta duk makullan da aka samu a aljihunsa.

Ranar da aka sallame shi bai yarda an kai shi gida ba sai shago. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo akwatin. Zanen na ciki a ninke, ya sha guga, yana ƙamshin sabulu.

"Sau huɗu na jiƙa shi da ruwan zafi, Baba," in ji 'yar. "Ashe kore ne. Wai har yanzu Mama ba ta kira ba, ga wayarta ta bari a gida."

Ya birkice gidan kaf yana neman abu ɗaya da ya rage da warinta. Ɗankwali, riguna, zanen gado, duk fes suke, kuma wankinsa ne, da hannunsa. Ya ɗauki matajinta da jakarta ya je wurin direban bas. Direban ya shinshina, ya miƙa masa abinsa, ya ce bayan kwana bakwai ɗan wari kaɗan ba ya kaiwa inda mai rikiɗa ya yi nisa.

Duk da haka ya je. Ya shimfiɗa koren zanen a bakin ƙofar masana'antar, ya ɗora matajin a kai, wannan karon bai juya baya ba. Ta fito a rame, gajeriya ko a cikin kuraye. Ta shinshina zanen, ta shinshina hannun da ya miƙa mata, ta yi atishawa, ta koma ciki.

Shekara biyu ke nan. Kullum da sassafe yana jan ƙafa ya kai ruwa a roba ya ajiye, wani lokaci a sha, wani lokaci ya tarar da shi yadda ya bari. Ya san ba za ta dawo ba, kuma ya kasa dainawa. 'Yar ta gaji da zirga-zirgar ofishin 'yan sanda neman uwarta, hoton da ta manna a tasha ma ya koɗe. Yanzu ita ke guga, shi yana zaune yana duba wuyan riguna.

Rannan ta ajiye dutsen guga ta ce, "Baba, tun ranar da ka ga zanen nan ba ka ƙara kallona sosai ba. Ɓata shi na yi?"

Ya daɗe yana kallon hannuwanta da sabulu ya cinye kamar nasa.

"A'a, uwata," ya ce. "Wankin ya fita. Yadda na koya miki kika yi."