Gudumar Tagulla ta Kawu Oula

A ƙauyenmu idan ka sayi sabon babur ɗin ƙanƙara, ba gida kake fara kai shi ba, shagon Oula Kitti kake kaiwa. Ko in ce haka ake yi a da, kafin bakina ya shiga maganar.

Oula ƙanen mahaifiyata ne. A gidan kiwon barewa aka haife shi, amma tun yana yaro aka gane ba zai yi kiwo ba. Kakanmu ya taɓa aikensa neman garke, ya dawo bayan kwana biyu babu barewa ko ɗaya, yana jan wani mataccen inji da ya tsinta a daji. Shekara arba'in ya yi a shago ɗaya bayan gidansa. Bai yi aure ba. Kofinsa baƙi ne, maganarsa ta yini ba ta cika cokali.

Gwanintarsa karanshaf, ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji, wanda shi ne ƙashin bayansa. Injunan 'yan shekarun nan ba nauyi, ga gudu, amma a kan sami wanda karanshaf ɗinsa ya fito daga masana'anta a ɗan karkace, karkatar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Ba za ka sani ba sai ya karye maka a tsakiyar daji, sanyi na cin ƙashi, gida mafi kusa tafiyar yini. Don haka Oula ke farke sabon inji fil, ya ɗora ƙarfen a kan mariƙai biyu, ya jingina masa agogon awo, ya juya a hankali. In allura ta yi rawa, sai ya ɗauko gudumar tagulla ya yi masa ƙwas sau ɗaya, ko sau biyu. Dillalin birni yana ta gargaɗi cewa duk injin da aka buɗe ya fita daga garanti.

"Garanti yana zuwa daji ya ɗauko mutum?" Amsar Oula ke nan.

Bara na sayi nawa, ya duba shi, ya daidaita. Duk hunturu injin yana tafiya lafiya lau. Da ƙanƙara ta fara narkewa, bakin kogi ya buɗe, samari suka soma wasansu na tsallake ruwa: ka taho a guje, babur ya bi ta kan ruwan ya haye ɗaya gefen. Ni mai shekara arba'in da tara, da tumbina, na ce ai ba su fi ni ba. Na je da safe lokacin da babu kowa, don in gwada kafin in nuna. Na kai tsakiya sai zuciyata ta tsinke, na saki mai. Babur ya nutse, ruwa iya ƙirjina. Na jawo shi da tarakta, kuma maimakon in zubar da ruwan da inji ya sha, sai na yi ta tayar da shi. Na ji ƙara ɗaya a ciki, shi ke nan.

Washegari a teburin kofi na gidan mai, Hemmo mai aikin katako ya ce, "Reijo, yau a ƙafa? Ina amaryar?"

In da na faɗi gaskiya, da sun yi shekara suna min dariya. Ni kuwa na saba ni ke sa a yi wa wasu. Sai na haɗe rai na ce, "Karanshaf ne. Tun da tsohon nan ya buga masa guduma nake jin wata ƙara."

Duk teburin ya juyo gare ni. Ba su taɓa ganina ban yi murmushi ba, shi ya sa suka yarda. Kafin mako ya ƙare, duk wanda injinsa ya taɓa yin tari ya tuna cewa Oula ya taɓa shi. Aka ce idonsa ya mutu, aka ce hannunsa na rawa.

Da rashin kunyata, shagonsa na kai babur ɗin, don ba ni da wani wurin. Ya buɗe. Ya zaro sandar fistin, ƙarfen da ke tura karanshaf, a lanƙwashe kamar ƙahon barewa, ya karkata injin, ruwan kogi ya tsiyayo da 'yar ciyawa. Ya dube ni.

"Ka yi wanka mai kyau, ɗan 'yar'uwata?"

"Kawu..."

"Miƙo min sifana goma sha uku."

Maganar da muka yi ke nan. Ya gyara, bai faɗa wa kowa ba.

Wata huɗu ina fama da kaina. Wata ranar Asabar teburin ya cika, na miƙe tsaye na faɗi komai: kogin, taraktan, ƙaryar. Ban kai ƙarshe ba Hemmo ya shaƙe da kofi.

"Kai? Tsallake ruwa? Da wannan buhun a gabanka?"

"Wallahi da gaske nake."

"Ai da kogin ne ya tsallake ka!" in ji Saara-Maaret mai gidan man, tana share hawaye. "Ka kyauta, Reijo, kana son wanke kawunka. Amma nemo wata ƙaryar da za ta shiga kunne."

Sau uku na sake gwadawa. Yanzu har roƙona suke in ba da labarin kogi idan an yi baƙi.

Hunturun nan sabbin babura bakwai suka shigo ƙauye, ko ɗaya bai tsaya a ƙofar Oula ba. Ya rufe shagon, ya koma saƙar taru da shanya kifi. Duk Lahadi nakan je in faskara masa itace. Yana zama a bakin ƙofa yana kallona har in gama, ya zuba min kofi, kuma bai taɓa cewa in bari ba.