Wayar da Na Cire Daga Layi

Aikina a birnin Bahri shi ne tsare intanet ɗin wata masana'anta: wa zai shiga, wa ba zai shiga ba. Da na sayo na'urar wayfai mai raba intanet a kasuwar garinmu da ake kira Kasuwar Libiya na kafa a gidanmu na unguwar Alsawra, sai halin ofis ya biyo ni gida. Ni kuwa dama ba ni da haƙuri.

Wata ranar hutu intanet ya yi ta ja kamar tsohon jaki. Na duba, na tarar da wayoyi birjik a kan layinmu, rabinsu ban san masu su ba. Ashe mahaifiyata ce ke raba kalmar sirri kamar gishiri, duk wanda ya yi sallama ta ba shi. Raina ya ɓaci. Na sauya kalmar, na rubuta wayoyin 'yan gida kaɗai, na umarci na'urar ta ƙi duk wata baƙuwar waya ko da ta zo da kalmar daidai. Har daɗi na ji.

Cikin waɗanda na kora har da Hajja, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu. Ɗanta tilo yana haƙar zinariya a arewa, yakan kira ta ta intanet ranar Juma'a in ya shigo kasuwa. Ita da layinmu ta dogara, ba ta ma san ana sayen data ba. Juma'a uku ina ganinta a kan tabarma jikin katangarmu, waya a cinya. Mahaifiyata ta sa mata sabuwar kalmar, amma wayar ba ta hau layin ba. Na ji lokacin da take ce wa Hajja, "Bar shi, Yaya, wayar ce ta tsufa." Na ce a raina gobe zan gyara.

Kafin Juma'a ta huɗu aka aiko cewa rami ya rufta da ɗan Hajja.

Bayan sadakar uku na karɓi wayarta, na shigar da ita layinmu. Ko minti biyu aikin bai ci ba. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa.

"'Yata, kunna mini na ƙarshen," in ji ta.

Na kunna. Muryarsa ta fito, da hayaniyar kasuwa a bayansa: "Inna, shiru haka? In laifi na yi, ki yafe mini."

Ta kai wayar bakinta ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana." Sannan ta juyo ta sa mini albarka don na gyara mata waya. Har ta rasu ban iya gaya mata ba, kuma abin yana ci na har yau.